Wane IEM ne kuke komawa gare shi ko da kun sayi sabo?

Mai Ganga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na zauna gyara akwatin da nake ajiye kayan kunne, na ƙirga IEM, wato abin jin sautin nan da ake cusawa cikin ramin kunne, goma sha ɗaya, wasu wlh sun fi wata huɗu ban taɓa su ba, suna nan a gidansu kamar ranar da suka iso. Wanda kuma igiyarsa ta lanƙwashe ta ɗauki siffar bayan kunnena, soson bakinsa da ke shiga kunne na canja ya fi sau ashirin, shine Shure SE215, wanda ya fito tun 2011, direba, wato ɗan abin da ke fitar da sautin, ɗaya tal ne a ciki. Nasan sarai ba shine mafi fitar da sauti a cikinsu ba, tirebul ɗinsa, wato sautin sama mai kaifi, a kwance yake, amma duk randa zan fita ko zan hau kan ganga hannuna shi yake ɗauka ban ma yi tunani ba. Shine nake tambaya, ku wanne ne naku? Ba wanda kuka fi yabo ba fa, wanda kuke komawa gare shi bayan ɗokin sabo ya wuce.

Baban Studiyo:
Wa alaikumus salam. Ni amsata ba ta canja ba shekara da shekaru, Etymotic ER4. Na fara da tsohon, yanzu ina kan ER4SR da suka fitar 2016. Yaran yanzu da yawa basu san cewa wannan ɗan siririn abin tun 1991 yake kasuwa ba, kuma wanda ya kafa kamfanin, Mead Killion, daga harkar binciken ji da na'urar taimaka wa masu matsalar kunne ya fito, ba daga harkar nishaɗi ba. Shi yasa abin baya yi maka kwalliya. In mai haɗa kiɗa ya cika ƙarar murya zaka ji, in an naɗi abu a ɗaki mai amsa kuwwa zaka ji ɗakin. In na gama aiki da lasifika nakan saka shi in sake saurara daga farko, sau da yawa a nan nake kama ƙaramar ƙara ko numfashin da ya kamata a rage.

Ɗan Auta:
Baba da Yaya Mai Ganga kuyi haƙuri da abinda zan faɗa, amma inaga sabawa ce kawai ke aiki a nan. Kunne ya saba da abu shekara goma dole duk wani sabo ya zo masa baƙo. In aka ɗora giraf ɗin SE215, wato zanen awon da ke nuna ƙarfin sautinsa daga ƙasa zuwa sama, kusa da na Truthear Hexa da ya fito 2022 ai bambancin a fili yake, SE215 bes ɗinsa, wato sautin ƙasa mai nauyi, ya malala ya shiga tsakiya ya rufe murya, sama kuma ya faɗi da wuri, Hexa kuwa layinsa a tsabtace. Duniyar IEM daga 2019 zuwa yau ta yi tafiyar da bata yi ba a shekara goma kafin nan. Ni dai Hexa nake komawa kuma ina da hujja a kan takarda.

Mai Ganga:
Ƙanena ban musa maka giraf ba, na ma faɗa da bakina tun farko cewa ba shine ya fi ba. Amma ka taɓa zama bayan ganga awa uku, farantin ƙarfe na ganga na ƙara a gefen kunnenka na dama, gumi na zuba, kana buƙatar jin mai jita da mai bes ba tare da ka ƙure ƙarar ba? A wannan wurin abinda nake nema shine ya toshe waje da kyau, kar ya zame in na juya kai, ya kwanta a cikin kunne kar ya turo waje, in igiya ta mutu in cire in saka wata. SE215 da soso yana min duk wannan. Kuma tirebul ɗin nan da kake cewa ya faɗi, shine dalilin da yasa nake sauka daga dandamali kaina baya sarawa.

Baban Studiyo:
Ɗana, maganar Mai Ganga ita ce asalin abin ma. IEM ba don zama a kujera aka fara yinsa ba. A 1995 Jerry Harvey yana injiniyan sauti na ƙungiyar Van Halen, mai gangarsu yana fama da ƙarar dandamali baya jin 'yan uwansa, shine ya haɗa masa na kunne mai direba biyu, daga nan aka samu Ultimate Ears, wanda Logitech ta saya a 2008, shi kuma Harvey yaje ya kafa JH Audio. To ka ga tun daga tushe tambayar ita ce ya zauna? ya toshe? ina jin abinda nake buƙata? Mu masu sauraro a gida daga baya muka shigo. Ban ce giraf banza bane fa, ina dubawa nima, amma takarda bata san tsawon ramin kunnenka ba.

Anti Mai Piyano:
Sannunku. Ni zan shigo ta ɓangaren da maza basu cika magana a kai ba, wato girman kunne. Kunnena ƙarami ne sosai. Akwai wani da na saya shekara biyu da suka wuce, ba zan faɗi sunansa ba, kowa na yabonsa kuma gsky sautinsa yayi daɗi, direbobi takwas ko tara a kowane gefe, amma bakinsa kauri ne, minti arba'in in na kai sai in ji kamar an cusa min yatsa ana dannawa, in na cire wurin yayi ja har washegari ina jin zafi in na kwanta a gefen. Na canja robar bakinsa kala biyar. Ƙarshe na bayar dashi.

Abinda nake komawa kullum Sennheiser IE 200 ne, daga baya na ƙara da IE 600. Direba ɗaya ne mai milimita 7, jikinsa ɗan mitsitsi, yana shigewa ya ɓace, har barci nake dashi. IE 600 ɗin ƙarfen zakoniyam ne, yafi fitar da sautin guduma a kan igiyar piyano, ana jin lokacin da aka saki feda sautin na mutuwa a hankali, amma in gaya muku gaskiya 200 ɗin nafi ɗauka saboda baya da nauyi ko kaɗan. Kuma yana da wata dabara, in ka tura robar har ƙarshe tana rufe wata 'yar ƙofa bes ya ƙaru, in ka tsayar da ita a matakin farko bes ya ragu. Ni a rufe nake barinsa.

Ɗan Auta:
Anti wannan kam na yarda, abinda baya zama a kunne ko yafi kowa kyau a giraf bashi da amfani. Nima Moondrop Blessing 2 bakinsa sai da na saba dashi. Amma dai a bar ni da maganata, tunin mai kyau, wato yadda aka daidaita sautin abin, ana iya auna shi, ba ra'ayi bane zalla. Ai binciken kamfanin kayan sauti na Harman ya nuna yawancin mutane layi ɗaya suke so.

Injiniya:
Bari in ɗan warware wannan don ku biyun kowa na riƙe da rabin gaskiya. Ramin kunnen mutum wajen santimita 2.5 ne, kuma a buɗe yana ƙara wa sauti ƙarfi da kansa a wajen 3kHz, haka Allah ya halicce shi, ƙwaƙwalwa ta saba da hakan. Da ka toshe shi da IEM wannan ƙarin ya tafi, dole mai ƙera abin ya dawo dashi ta hanyar tunin, shi yasa kusan kowane giraf zaka ga tudu a wurin. Matsalar ita ce tudun nawa da naka ba ɗaya bane, wani nashi ya ɗan yi gaba wani baya, wani babba wani ƙarami.

Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a Harman gaskiya ne aiki ne mai kyau, sun sa mutane sun saurara ba tare da sun san wane kaya bane, suka fitar da layin da mafi yawa suka fi so, na cikin kunne an sabunta shi a 2019. Amma matsakaici ne, kuma su kansu sun nuna akwai masu son bes fiye da layin akwai masu son ƙasa da haka. Na biyu, kunnen roba da yawancin masu bita suke aunawa dashi, wanda ake kira 711, yana da nashi tsinin da yake fitowa wajen 8kHz gwargwadon zurfin da aka tura, to daga nan zuwa sama abinda ka gani a giraf ba lallai shi kunnenka zai ji ba. Daga bes zuwa tsakiya ka yarda da giraf. Daga sama ka yarda da kunnenka.

Sabuwar Shiga:
Dan Allah ku yi haƙuri ni sabuwa ce, Moondrop Chu kawai gareni kuma ina jin daɗinsa. Naga kuna ta cewa direba ɗaya direba biyar, shin yawan direba shine kyau? Kuma menene BA ɗin nan da nake gani a jikin kwali?

Injiniya:
Ƙanwata barka da zuwa, tambayarki tayi. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai dainamik, wannan ƙaramar lasifika ce kamar wadda kika sani, fata mai zagaye da naɗin waya da maganaɗisu, tana tura iska sosai shi yasa bes ɗinta yake da jiki, irinta ce a cikin Chu ɗinki. Sai BA, wani ɗan akwatin ƙarfe ne ƙarami kamar ƙwayar maganin sha, a ciki akwai siririn harshen ƙarfe a tsakanin maganaɗisu biyu, yana rawa yana motsa 'yar fata ta wani ɗan sanda. Daga na'urar taimakon ji aka ɗauko shi, manyan masu yinsa Knowles da Sonion ne. Da yake ƙarami ne ana iya jera da yawa a raba musu aiki, wannan bes wannan tsakiya wannan sama. Akwai kuma na uku da ya yi tashe tun da 7Hz Timeless ya fito 2021, wato filana, fata ce shimfiɗaɗɗiya mai milimita 14.2.

Yawa kuwa ba shine kyau ba sam. ER4 ɗin Baba BA ɗaya ne. IE 600 ɗin Anti dainamik ɗaya. 64 Audio U12t kuma BA goma sha biyu ne a kowane gefe kuma shima mutane sun daɗe suna komawa gare shi. Aikin yana wurin haɗawa, in ba a daidaita su ba sai ki ji bes na tafiya daban murya na tafiya daban kamar mutum biyu na magana a ɗaki ɗaya. In Chu na miki daɗi ki zauna dashi tukuna ki san abinda kunnenki ke so.

Na Bes:
Toh ni duk ku tsaya, an yi ta maganar tsabta tsabta ba wanda ya yi maganar daɗi. Sony IER-Z1R. Shikenan. Dainamik mai milimita 12, wani ƙarami mai milimita 5, da BA ɗaya. Na saurari abubuwa da yawa bayansa, wasu sun fishi fitar da murya, na yarda, amma in babbar ganga ta sauka a cikinsa ba ji kawai kake ba, kamar iska ce ta bugo ka a ƙirji, kuma faɗin wurin kamar kana zaune a babban zaure ba abu ne a cikin kunnenka ba. Kunnena babba ne ya ɗauke shi, nasan irin su Anti ba zai zauna musu ba don jikinsa ƙato ne kuma da nauyi.

Kuma kar ku raina ni, na biyun da nake komawa BLON BL-03 ne na 2019. Eh, shi. Bakinsa gajere ne sai ka nemo doguwar roba kafin ya toshe, amma in ya toshe muryar mutum a cikinsa tana da ɗumi irin na mutum. Ina da waɗanda suka ninka shi a komai suna kwance.

Baban Studiyo:
Na Bes ka tuna min da MDR-EX1000 na Sony, mai milimita 16 ɗin nan da yake zaune a gefe kamar faifai. Baya toshe waje ko kaɗan, in iska na kaɗawa ma kana jinta, amma a ɗaki shiru har yau ban manta yadda yake buɗe sauti ba. Masu shi basa rabuwa dashi.

Ɗan Auta:
Yaya Na Bes BL-03 fa? To ai ka tabbatar da maganata, sabawa ce. Abin nan bes ɗinsa a hankali yake, in kiɗa ya yi yawa sai komai ya cakuɗe.

Na Bes:
Ƙanena naji, kuma a kiɗa mai gudu gaskiyarka ne yana cakuɗewa, amma ni ba irin shi nake ji dashi ba, murya ɗaya da jita ɗaya nake sa masa da dare. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai kana sauraro kana neman kuskure, ni ina sauraro ina neman abinda zai sa in manta akwai wani abu a kunnena.

Malam Shiru:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Nawa Campfire Andromeda ne, koren nan na 2016, BA biyar. Abinda yasa na shigo shine kusan na rabu dashi a watan farko saboda rashin sani na. Na saka shi a wata na'urar kiɗa da nake da ita sai naji wani sssss a ƙasa ko ba a kunna komai ba, bes kuma babu, sauti siriri kamar an matse. Na ɗauka nawa ne ya lalace. Wata rana na manta na'urar a gida sai na saka shi a ƙaramin dongul, ɗan mahaɗin nan da ake jonawa a waya, wlh kamar an canja min wani, shirun ya zama shiru, bes ya dawo, faranti na walƙiya a sama ba tare da ya soki kunne ba. Tun daga ranar shekara ta bakwai kenan, fentin gefensa duk ya goge, na saya na sayar da wasu da yawa shi yana nan.

Injiniya:
Malam abinda ya faru dakai lissafi ne tsaf. Andromeda turjiyarsa ga wuta om 12.8 ce kuma yana da saurin ji ƙwarai, ƙaramar wuta ke tada shi, to duk ƙarar da amfilifaya ke yi a ƙasa wadda babban hedfon zai ɓoye shi sai ya fito da ita. Na biyu, masu BA da yawa turjiyarsu ga wuta ba ɗaya bace daga bes zuwa sama, tana hawa tana sauka, in ita ma na'urar da ka saka shi a ciki tana da tata turjiyar mai yawa a bakin fita sai su raba wutar ba daidai ba, tunin ya canja gaba ɗaya. Ƙa'idar da ake bi ita ce ta na'urar kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta IEM ɗin, kaga a nan kana neman ƙasa da om 2. Dongul ɗin Apple wajen om 1 yake shi yasa yake dacewa da irinsu. Truthear ma da gangan suka yi amfani da wannan, Zero Red yana zuwa da ɗan mahaɗi mai om 10 a kwali, in ka saka shi bes ya ƙaru. Wannan na nuna maka mutum biyu zasu iya yin rigima a kan IEM ɗaya alhali ba abu ɗaya suka ji ba.

Na Bes:
To Injiniya tunda ka zo nan, igiya fa? Ni na canja ta azurfa naji sama ya buɗe.

Injiniya:
Yaya ni dai abinda zan iya tsayawa a kai shine in turjiyar igiyar ta bambanta, a kan mai BA da yawa ana iya samun ɗan canji, kuma ana auna shi. Bayan wannan ni ina canja igiya ne don laushi, don kar ta riƙa ƙara in ta goga riga, ko don ina son filogi mai milimita 4.4. In kana so ka gwada, ka sa wani ya canja maka baka gani ba, sau goma, ka rubuta.

Na Bes:
Zan gwada, amma nasan abinda naji.

Anti Mai Piyano:
Ku bar igiya ku zo kan roba, nan ne canjin da ko kurma zai lura. IEM ɗaya, roba uku, sauti uku. Mai faɗin baki tana buɗe sama, mai ƙaramin rami tana tara bes, soso irin Comply yana rage kaifi ya ƙara toshewa amma yana mutuwa da wuri. Ni kunnena na hagu matsakaiciya yake ɗauka na dama ƙarama, shekara biyu ina jin kamar murya ta karkata gefe ɗaya ina zargin kayan, ashe iska ce ke fita ta dama. Ranar da na saka SpinFit girma daban daban a kowane gefe muryar ta dawo tsakiyar kai cak. Ƙanwata Sabuwar Shiga ki fara da wannan kafin ki sayi wani sabo, in kin saka kiyi magana, in kinji muryarki ta cika miki kai kamar kin toshe da yatsa to ya zauna.

Sabuwar Shiga:
Anti na gode, yanzun nan na gwada babbar robar da ke cikin kwalin, ashe duk watannin nan bes ɗin rabi nake ji. Kai.

Mai Ganga:
Haka kowa ya fara ƙanwata. Sai kuma tsabta, don ni akwai wani da na taɓa ajiyewa wata shida nace gefen hagu ya mutu, ƙarar ta ragu kamar daga nesa. Da na zo na haska fitila a bakinsa sai naga dattin kunne ne ya toshe ragar gaba ɗaya ya bushe. Ɗan burushi da haƙuri, minti biyar ya dawo. Yanzu duk dare ina goge su, in nayi gumi kuma ina saka su a gwangwani da 'yan ƙullin nan masu shan danshi.

Baban Studiyo:
Shi yasa Etymotic suke sako ƙananan matata a kwali da abin cire su, in sauti ya dushe ka canja matata kawai. Kuma tunda yara na karantawa bari in faɗi abinda yafi duk wannan muhimmanci a wurina. Dalili na biyu da yasa nake komawa ER4 shine zurfin shigarsa, da robar nan mai hawa uku kamfanin na cewa yana rage ƙarar waje da desibel 35 zuwa 42, to a cikin jirgi ko mota bana buƙatar ƙara sauti don in danne hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya tsaya a desibel 80 na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. Abokan aikina da muka fara tare akwai waɗanda yau kunnensu ke ƙara dare da rana, ba magani, kuma sautin sama ya tafi musu har abada. Sauti mai tsabta yana da yaudara, baya damunka sai ka yi ta ƙarawa baka sani ba. In ka cire kaji kunne na shiii, ka wuce gona da iri ranar.

Farkon saka ER4 ba daɗi, na yarda, sai ka ja kunnen sama da ɗaya hannun ka ɗan jiƙa robar ka tura a hankali kana murzawa, cirewa ma a hankali kar ka fizge. Sati ɗaya kunne ya saba. Wasu basa sabawa har abada kuma ba laifinsu bane.

Ɗan Auta:
Na dawo. Jiya bayan maganar nan na je na duba nawa akwatin da gaskiya, ba wanda nake faɗa a nan ba, wanda robarsa ta fi tsufa. Aria ne, na 2021, wanda na fara dashi. Hexa nake yabo kuma har yanzu ina nan a kan cewa ya fishi rarrabe kaya, na saka su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar, amma in zan yi karatu awa huɗu ko zan yi doguwar tafiya Aria nake ɗauka, don bes ɗinsa ya ɗan fi cika kuma ba abinda ke tsikarata. Ban taɓa lura ba sai da Yaya Mai Ganga ya tambaya. Amma fa ban janye ba, giraf ɗinsa ma mai kyau ne, ba SE215 bane.

Mai Ganga:
Ba wanda yace ka janye ƙanena, giraf ɗinka ya hana mu sayen abubuwa marasa kyau da yawa a nan. Ni ma da zan zauna sauraro kawai a ɗaki ba SE215 zan ɗauka ba, Timeless nake sakawa, saurinsa a kan ganga mai gudu abin mamaki ne, kowane bugu daban. Sai dai faifan jikinsa baya barina in kwanta a gefe.

Malam Shiru:
Abinda na lura a jerin da aka kawo, kusan duk igiyarsu na cirewa, ko mai mahaɗin da ake kira MMCX ko mai fil biyu. Inaga shima dalili ne, wanda igiyarsa a manne take in ta karye a wuya shikenan sai dai ka tuna dashi, bai samu damar tsufa a hannunka ba balle ka koma masa.

Injiniya:
Gaskiya ne Malam, sai dai a kula, MMCX baya son yawan cirewa da sakawa, yana saki ya fara yankewa in ka juya kai. Mai fil biyu kuma a ja shi a miƙe kar a karkata. Kuma masu IE na Sennheiser ku sani nasu ramin a nutse yake, ba kowace igiyar MMCX ke shiga ba, a duba kafin a saya.

Ɗan Auta:
Baba ka sa min son gwada Etymotic amma ina tsoron rashin bes. Ance akwai ER2XR mai dainamik, shi zan fara dashi ko in tafi ER4 kai tsaye?

Baban Studiyo:
Ka fara da ER2XR ɗana, tunda daga Aria kake tahowa. Jiki ɗaya ne, zurfi ɗaya, amma dainamik ne kuma XR ɗin an ɗaga masa bes na ƙasa, ba zaka ji an kwashe maka ƙasa ba. Ka fara da ƙaramar roba mai hawa uku, in kwana uku tana maka zafi ka koma mai hawa biyu ko soso, kuma ka sayi ɗan maƙalin riga don igiyarsa na ɗaukar ƙara in tana lilo. Ka bashi sati biyu cur kar ka taɓa wani a tsakani, sannan ka dawo ka gaya mana.

Ɗan Auta:
To Baba, in sha Allah. Anti wace roba kika ce kina sakawa a dama, ƙarama ko ƙarama sosai? Inaga nima kunnuwana ba girma ɗaya bane.

Anti Mai Piyano:
Ƙarama ƙanena, hagu matsakaiciya. Ka sayi fakiti mai girma uku ka gwada kowane kunne shi kaɗai, ɗayan a buɗe, zaka ji wanda ya kama.